ME KE KORAR ƊALIBAI DAGA MAKARANTUN YAƘI DA JAHILCI, ME KE RIƘE SU?

Kowace shekara, idan an gama aikin kaka, an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, an cire gujiya, an rore wake, sai a shiga shirin buɗe makarantun yaƙi da jahilci a ƙauyukanmu. Ranar buɗewa ranar farin ciki ce. Maigari ya sa a yi shela, a share rumfa, a kafa allo, maza da mata su yi cincirindo kowa yana so a rubuta sunansa. Malami ya cika rajista ya aika da rahoto gunduma, gunduma ta aika Maraɗi, Maraɗi ta aika Yamai. Amma wanda ya sake biyowa ta wannan rumfa bayan mako shida, sau da yawa sai ya tarar tabarmi sun fi mutane yawa.

Wannan al'amari ba sabo ba ne, ba kuma a ɓoye yake ba. Malamai sun san shi, masu duba makarantu sun san shi, waɗanda suka yi haƙuri har suka karɓi takardar shaida su ma suna tune da abokan da suka fara tare ba su gama tare ba. Abin da ya rage shi ne a zauna a dube shi da idon basira, gama Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya taso da ƙafarsa ya zo ba wanda ya tilasta masa, ya kuma juya ya tafi ba wanda ya kore shi, lalle akwai abin da ya zo nema bai samu ba.

GIRMAN ASARAR

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Tasawa da gundumar Mayahi kowace tana da mutum fiye da 500.000, kuma yawancinsu manoma ne da makiyaya mazauna karkara. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a ƙasa baki ɗaya a wannan shekara ya nuna cewa cikin mata 100 kamar 14 ne ke iya karatu, cikin maza 100 kuwa kamar 42, kuma ƙauye yana bayan birni ƙwarai. Tun 1963 ƙasarmu ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci, watau an fi shekara 60 ana wannan aiki. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ashe kuwa duk wanda ya bar aji bai iya karatun Hausa ba, ya juya wa wata babbar ƙofa baya daidai lokacin da ake buɗe ta.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A 1994 wata masaniya ta Bankin Duniya, Helen Abadzi, ta bi diddigin manyan kamfen na koyar da manya da aka yi a ƙasashe da dama, ta ga cewa cikin mutum 8 da suka shiga, kamar 1 ne ke fita da karatu mai ɗorewa. Saura wasu sun watse a hanya, wasu sun kai ƙarshe ba su iya ba, wasu sun iya sun manta. Saboda haka kuɗin da aka kashe a kan allo da alli da littattafai da alawus na malami, yawancinsa yana bin sawun waɗanda suka tafi.

BABBA BA YARO BA NE

Tushen maganar ɗaya ne. Yaron lakwal iyayensa ke tura shi, ko yana so ko ba ya so, kuma ba shi da wani aikin da ya fi karatu. Magidanci kuwa, ko matar aure, baƙo ne a aji. Shi ya kawo kansa, kuma kowace sa'a da ya zauna a tabarma ya saye ta ne da wani abu: da cinikin da bai yi ba, da turken dabbobin da bai duba ba, da dakan da ke jiran matar a gida. Kullum yana auna abin da ya bayar da abin da ya samu, kamar yadda yake auna tiya a kasuwa. Ranar da ya ga awo ba ya cika, ba zai yi gardama da kowa ba, ba zai kai ƙara ba. Gobe dai ba za a gan shi ba.

Idan aka lura, ƙofofin da ɗalibai ke fita huɗu ne, kuma kowace tana da lokacinta da maganinta.

ƘOFA TA FARKO: RANAR ZUWA

Akwai waɗanda tun a kwana biyu ko uku na farko suke yanke shawara. Mutum ya zo a kan lokaci, malami bai iso ba. Aka jira, aka jira, rana ta yi. Ko kuwa an zo littattafai ba su iso daga gunduma ba, aka ce a dawo jibi. Ko an cinye ranar farko wajen kiran suna da jawabin manyan baƙi, aka tashi ba wanda ya riƙe bik. Wanda ya bar aikinsa ya zo ya ga haka, ya riga ya san darajar da aka ba lokacinsa.

Abin da ya fi jira ciwo shi ne kunya. Dattijo mai iyali, wanda ake kawo wa shawara a unguwa, a tsai da shi gaban allo ya kasa bambanta b da d, samari su yi dariya: wannan ba ya dawowa, kuma ba zai faɗi dalili ba. Haka matar da aka haɗa aji ɗaya da surukarta ko da 'yar da ta goya. Malamin da ke yi wa manya tsawa irin ta yara, shi da hannunsa yake kwashe tabarmin ajinsa.

Akwai kuma wata kunya da ba a cika lura da ita ba, ita ce ta ido. Mutum idan ya haura shekara 40, ganin abin da ke kusa yakan ragu; wannan halitta ce, ba ciwo ba ne. Ƙananan baƙaƙe a hasken cocila sai su zame masa hazo. Maimakon ya ce ba ya gani, sai ya ce kansa ba ya ɗauka, ya janye. Babban rubutu a allo, da karatu da hasken rana, da tabarau mai araha, sun isa su riƙe mutane da yawa da aka ɗauka sun gaza.

Maganin wannan ƙofa ba ya cin kuɗi. Kada a yi shelar buɗewa sai kaya sun iso. Malami ya riga kowa zuwa. A raba aji yadda al'adar gari ta yarda, a kira kowa da sunan girmamawa. Kuma kada a tashi ranar farko sai kowane ɗalibi ya ga sunansa a rubuce a kaye nasa, ya bi shi da hannunsa, ya tafi da shi gida ya nuna. Shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma, amma baƙon da aka sallama da guzuri shi ke sake zuwa.

ƘOFA TA BIYU: KARATUN DA BA A GA AMFANINSA BA

Waɗanda suka tsallake makon farko suna da tambaya ɗaya a zuci: yaushe wannan abu zai yi mini rana? Idan aka yi wata guda ana rera ba, be, bi, bo, bu, ba a kai ga abin da mutum zai ɗauka ya shiga kasuwa da shi ba, sai gwiwa ta yi sanyi.

Ya kamata a tuna cewa wanda ya zo ajin ba fanko ba ne. Da yawa sun yi makarantar allo, sun san baƙi da wasali, wasu ma suna rubuta ajami. Dillalin dabbobi a kasuwar Mayahi yana yin lissafin da kai wanda ɗan lakwal ba zai yi ba sai da takarda. Matar da ke saƙa tabarmin kaba a bakin Gulbin Kaba ta san kuɗin kaba, ta san ribarta, ta san wanda take bi bashi. Abin da suka rasa shi ne gadar da za ta haɗa abin da ke kansu da abin da ke kan takarda.

Ga misali guda. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, takarda kuwa da tamma take ƙirgawa. Abin da baki ya kira dala ashirin, takarda 100 take rubutawa. Dala ɗari ita ce 500. Jika guda, watau dala ɗari biyu, ita ce 1.000. Mutumin da ɗansa ya aiko masa da kuɗi daga cin rani, aka miƙa masa rasit, idan bai san wannan ninki biyar ba, sai abin da aka faɗa masa. Malamin da ya koyar da wannan a mako na biyu, ya kawo takardun kuɗi na gaske da rasit na gaske aka karanta a aji, ya ba ɗalibansa abin da za su gwada ran kasuwa mai zuwa. Wanda ya gwada ya ga ya yi daidai, ba sai an aika kiransa ba.

Tarihinmu ya riga ya nuna haka. Bayan taron ministocin ilimi na duniya da aka yi a Teheran a 1965, aka karkata ga koyar da karatu wanda ke haɗe da sana'ar mutum. A ƙasarmu, hukumar UNCC da aka kafa a 1962 domin bashi da haɗin kan manoma, ta fara tun daga 1966 danƙa kasuwannin gujiya a hannun manoma su da kansu. Nan take kowace ƙungiya ta buƙaci mai awo da zai karanta sikeli, da magatakarda da zai rubuta buhunan kowa da bashin iri da rarar da za a raba. Karatu ya zama abin kare gumi, mutum ya san idan bai iya ba wani zai riƙe masa alƙalami. Farin 1973 da 1974 da ciwon da ya faɗa wa gujiya a 1975 sun karya wannan ciniki, amma darasin yana nan. A can Barazil ma, a 1963, Paulo Freire ya koya wa ma'aikatan karkara kamar 300 karatu cikin kwana 45 a garin Anjikos, kuma da kalmomin da ya tsinta a bakinsu ya fara.

Saboda haka kafin a buɗe aji a Korgom ko a Kanambakashe, a fara tambayar mutane takardun da ke ba su wahala: katin awon ciki da na rigakafin yara, takardar sayen gona ko ta jingina, rubutun da ke jikin buhun taki da kwalbar maganin ƙwari, sunayen da ke cikin wayar salula. Waɗannan su ne littafin farko.

ƘOFA TA UKU: LOKACI

Ƙofa ta uku ita ce mafi faɗi, domin ba fushi ke fitar da mutane ta nan ba, rayuwa ce. Tsakanin kaka da damina ne kawai manomi ke da sarari, kuma wannan sararin ba na malami kaɗai ba ne. Da an gama girbi samari da magidanta da yawa na Tasawa da Mayahi sukan tafi cin rani, wasu Katsina da Kano, wasu Ikko, wasu har Libiya da Aljeriya. Rani ne lokacin bukukuwan aure, da gyaran ɗaki da darni. Idan bazara ta kama, sai sassabe da kai taki gona, ruwan rijiya ya yi nisa, rumbu ya fara sauka. Ranar da ruwan shuka ya sauka kuwa, aji ya tashi ko an sallame shi ko ba a sallame shi ba.

To, makarantar da aka makara ba a buɗe ba sai rani ya raba, ta riga ta yi asarar rabin kwanakinta, kuma tsakiyar karatunta zai faɗo daidai lokacin da ciki ya fi damun mutane. Jinkirin takarda ɗaya a ofis yakan zama asarar shekara guda a ƙauye. Da sanyin safiya ake kama fara.

Ga mata kuma lissafin dabam ne. Tsakanin ɗiban ruwa, da itace, da daka, da girki, da reno, da ɗan abin sayarwa, sa'o'in da suka rage kaɗan ne, kuma su kaɗai suka san inda suke. Kada a yanka musu lokaci daga gunduma. A tara su a tambaye su, a nemi yardar mazajensu tun da fari a gaban maigari da liman, a yarda su zo da goyo, a bar ranar kasuwa da ranar Juma'a. Garin da ke da injin niƙa da famfo kusa, ajin matansa ya fi samun zama, domin sa'ar da aka karɓe daga turmi ita ake kai wa allo.

Sai dai a kula da abu guda: rage kwanaki yana da iyaka. Masana sun nuna cewa kan mutum ba ya riƙe abin da ido ya karanta sai na 'yan daƙiƙoƙi. Mai karatu a hankali ƙwarai, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, sai ya sha wahala bai fahimci kome ba. Ana bukatar kamar kalma 45 zuwa 60 a minti guda kafin karatu ya zama fahimta, kuma wannan ba ya samuwa sai da maimaici. Karatu kaɗan kullum ya fi karatu mai yawa sau ɗaya a mako. Wanda kuma ya yi fashin kwana uku saboda rasuwa ko suna, a sa wani ɗalibi ya bi shi gida ya nuna masa abin da ya wuce, domin yawanci tsoron komawa a baya ne ke mai da fashin kwana uku ya zama na har abada.

ƘOFA TA HUƊU: BAYAN JARRABAWA

Ta huɗu ita ce wadda ba ta fitowa a rahoto. Mutum ya jure, ya ci jarrabawa, an yi biki an ba shi takarda. Ya koma gida, babu abin karantawa ko ɗaya cikin harshen da ya koya. Damina biyu sai baƙaƙen su fara ɓace masa, kamar hanyar da aka daina bi.

Magabata sun gane wannan. A Nijeriya ta Arewa, a shekarun 1950, hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato, domin waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. A nan gida an yi Ganga, an yi Sabon Ra'ayi a Madawa, an yi Muryar Damagaram. Amfaninsu shi ne mutum ya ga sunan garinsa da farashin kasuwarsa a rubuce, har ya aika da wasiƙa a buga. Akwatin littattafai guda a hannun amintacce a kowane gari, da allon sanarwa a ƙofar maigari wanda ake sabuntawa kowane mako, za su yi irin wannan aiki a yau.

ABIN KOYI DAGA MATA MASU DUBARA DA WAYAR SALULA

Akwai taron da ba a aika kira, amma ba a fashinsa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, bisa tushen adashin da mata suka gada, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na duniya. Mata su suke zaɓen junansu, su sa ranar taronsu, su yanka abin da za a zuba kowane mako, su sa tarar makara. Akwatin yana da makullai a hannun mata dabam-dabam, ana buɗe shi a gaban kowa, ana ba da bashi, a ƙarshen zagaye a raba. Me ke riƙe su? Abin nasu ne, dokar tasu ce, kuma kowane zama akwai abin da ido ke gani. Ajin da aka gina a kan irin wannan ƙungiya, aka fara da rubuta zubi da bashi, ya gaji zumuncin da ya riga ya kafu.

Wayar salula ma ta ba da shaida. A 2009 da 2010, a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, ƙungiyar CRS tare da masu bincike, cikinsu har da Jenny Aker, sun gwada ƙara koyar da aiki da ƙaramar salula a cikin wasu azuzuwan manya. Ɗaliban da suka koyi rubuta saƙo sun fi sauran ci a rubutu da lissafi, kuma bambancin bai ɓace ba watanni bayan an rufe aji, domin sun sami abin da za su riƙa gwada karatunsu da shi. A 2014 kuma aka yi wani gwaji a ƙauyukan jihohin Maraɗi da Damagaram: kowane mako a buga waya ga malami da maigari da ɗalibai biyu, a tambaya ko an yi karatu, mutum nawa suka zo. Ba a ƙara wa kowa ko dala ba, amma karatun ɗaliban waɗannan garuruwa ya fi na sauran kyau. Malamin da ya san ana tune da shi ya fi tsayawa, ɗalibai kuwa suna tsayawa ne inda malami ya tsaya. Sai dai kiran waya ba ya maye gurbin haƙƙi: malamin da alawus nasa ya yi watanni bai zo ba, shi ma ɗan cin rani ne mai jiran mota.

KIRA GA MAHUKUNTA DA TSOFFIN ƊALIBAI

Ga shugabannin gundumomi da na ƙananan hukumomi da masu duba makarantu, shawara ita ce a sake yadda ake ƙirga nasara. Yawan sunayen ranar farko ba ya nuna kome sai kyakkyawar niyyar jama'a. A nemi ƙirga uku: nawa suka rage bayan mako biyu, nawa suka rage da bazara ta kama, nawa ne kuma ke iya karanta wasiƙa shekara guda bayan jarrabawa. Kowace ƙirga tana nuna ƙofar da ta fi yoyo. Kuma duk wanda ya bari, a je a same shi a gida cikin mutunci a tambaye shi dalili, a rubuta. Wanda ya tafi ya fi wanda ya zauna sanin inda rumfar ke zuba. Kada kuma a hukunta malamin da ya kawo ƙirga ta gaskiya, domin in an yi haka, badi rahoto zai yi kyau aji ya zama kango.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka sami takardar shaida, kuke karanta wannan shafi da idonku, ku ne hujjar da ta fi kowane jawabi. Ku ne kuka san daren da kuka kusa bari, da abin da ya mai da ku. Kowannenku ya ɗauki sabon ɗalibi guda a unguwarsa, ya biya masa ranar karatu su tafi tare, ya zauna da shi idan ya yi fashi. Ku karɓi aikin magatakarda a ƙungiyoyinku, ku karanta wa jama'a sanarwa a bainar jama'a, domin na baya su ga inda hanyar take kaiwa.

Gemu ba ya hana ilimi, amma mai gemu ba ya zama inda ba a san girmansa da darajar lokacinsa ba. Jama'ar Tasawa da Mayahi, daga Hawandawaki har Gidan Amumun, sun riga sun yi nasu: duk shekarar da aka yi shela suna zuwa. Saura namu, mu sa su tarar da abin da zai zaunar da su. Allah ya ba mu ikon cika wannan amana, amin.